Ranar da Kwamitin Afuwa Ya Zo

Akwai wata takarda da ba a koya mana yadda ake rubuta ta ba a kwalejin horon malamai, ba mu kuma gamu da ita a darussan difloma ba, amma duk wanda ya daɗe yana shaƙar ƙurar alli sai wata rana an zo masa da buƙatarta. Wannan kuwa ita ce takardar shaidar hali. A shekaru ashirin da 'yan kai da muka yi muna koyar da Hausa a sakandare mun rubuta irinta ba adadi. Mun rubuta wa masu neman shiga soja, mun rubuta wa masu neman gurbin karatu, kai har waliyyin yarinya ya taɓa tako mana ƙafa yana neman shaidarmu a kan wani tsohon ɗalibi. Duk waɗannan ba su taɓa hana mu barci ba, domin abin da sauƙi, a ce yaro mai ladabi ne, mai ƙwazo, a buga hatimi, shi ke nan. Wadda ta hana mu barci ita ce wadda aka nema a wurinmu cikin azumin shekarar 2024, saboda wanda za a rubuta wa ɗin yana ɗaure, kuma mun san abin da ya kai shi.

Da la'asar sakaliya uwargida ta leƙo ta ce wata dattijuwa tana ciki tana son ganinmu. Muka same ta a gefen tabarma, ta lulluɓe har goshi. Bayan an gaisa, an tambayi gajiya da ibada, sai ta dubi ƙasa ta ce, "Malam, a kan maganar yaron nan na zo." Ba ta ambaci sunansa ba, ba kuwa za ta ambata ba, domin ɗan fari ne, ita kuma mutuniyar da ce, alkunya ba ta bar ta ba ko da ɗan yana gidan kaso. Mu ma ba za mu ambata a nan ba. Amma tun kafin ta ƙara wata kalma mun gane ko wane ne.

Yaron mun koyar da shi daga aji huɗu zuwa tsakiyar aji biyar. Idan aka zo karatun zube a bayyane shi muke tayarwa, don yana da murya, ya kuma san inda ake numfasawa. Daga baya mahaifinsa ya rasu, zuwa makaranta ya fara yi masa wuya, sai muka riƙa hango shi a majalisar da ba ta dace da shi ba, sannan muka daina ganinsa gaba ɗaya. Ba mu bi sawunsa ba. Wannan laifi namu ne, mun kuma amsa shi. A cikin hunturun ƙarshen 2019, wani dare su huɗu suka ɓalle siton makarantarmu don su ɗauke janareta. Baba maigadi ya haske su da tocila, ɗayansu ya kai masa duka da ƙarfen da suka ɓalle ƙofar, idonsa na hagu ya tsiyaye. Uku suka tsallake katanga, shi yaron aka kama. Annobar korona ta rufe kotuna a 2020, yajin aikin ma'aikatan shari'a ya sake rufe su daga Afrilu zuwa Yunin 2021, saboda haka sai da ya yi kusan shekara biyu yana jiran shari'a kafin a yanke masa shekara 12, a ƙirga daga ranar da aka kama shi. Har gobe yana cewa ba shi ya yi dukan ba. Baba maigadi kuwa ya ce shi fuskar da ya gani a hasken tocila ita ce ta yaron, abin da ya biyo baya duhu ne.

Abin da ya kawo tsohuwar shi ne, jami'in walwalar gidan yarin ya gaya mata cewa kwamitin afuwa na jiha zai zagayo kafin Sallah, kuma shugaban gidan ya sa sunan yaron cikin waɗanda za a gabatar. Ba a taɓa rubuta shi a littafin masu laifi ba tun shigarsa, ya koyi ɗinki, ya zauna jarrabawar kammala sakandare daga ciki ya kuma ci, ga shi tari ya kama shi ana ba shi magani. Ana son takarda daga wanda ya san shi tun kafin abin ya faru, ana kuma son namiji da zai raka ta ranar. "Kawunnansa sun ce ba ruwansu, Malam," in ji ta. "Shi ya ce in zo wurinka."

Muka ce ta ba mu kwana uku. Da farko muka nufi wani tsohon abokin karatunmu da ya zama lauya, don mu kam a da duk sakin fursuna afuwa muke ce masa. Ya yi dariya ya ce ƙofofin ba ɗaya ba ne. Akwai zagayen da Babban Jojin jiha kan yi, wanda wata doka ta 1977 ta ba shi iko ya saki wanda ake tsare da shi ba bisa ƙa'ida ba, ko wanda zaman jiran shari'arsa ya zarce ɗaurin da za a yi masa in da an same shi da laifi. Wannan ƙofa ta masu jiran shari'a ce, su ne kuwa suka fi yawa, don kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan ba a yanke masu hukunci ba. Yaronmu ya riga ya wuce nan. Akwai kuma abin da Turawa suke yi tun da daɗewa, mu sai mu kira shi sakin talala, wato a kwance wa ɗaurarre mari amma a bar igiya a ƙafarsa, ya ƙarasa wa'adinsa a gida bisa sharuɗɗa, in ya saɓa a janyo shi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yi tanadinsa ga wanda aka yanke wa shekara 15 ko fiye, ko ɗaurin rai da rai, haka dokar 2019 da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali ta sake ambatonsa. Shekara 12 ba ta kai ba. Abin da ya rage masa shi ne sashe na 212 na tsarin mulkin 1999, inda aka ba gwamna iko ya yafe, ko ya jinkirta hukunci, ko ya sauya shi da mai sauƙi, ko ya rage, a kan laifin da ya shafi dokar jiha, bayan ya shawarci majalisar da ke ba shi shawara kan afuwa. Shugaban ƙasa nasa ikon yana sashe na 175, shi kuma Majalisar Ƙoli ta Ƙasa yake shawarta.

Muka tambaye shi, to a ina doka ta ce iyaye su zauna ranar da za a duba maganar ɗansu? Ya ce tsarin mulki bai tanadar wa iyaye kujera ba, bai kuma tanadar wa wanda aka cuta ba. Afuwa alfarma ce, ba shari'a ba ce, duk wanda aka bari ya shiga ranar, alfarma aka yi masa.

Muna tafe a kan babur muna juya wannan kalma ta alfarma. Mun tuna a 2013 an yafe wa tsohon gwamnan Bayelsa, Alamieyeseigha. Mun tuna a watan Afrilun 2022 an yafe wa Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba. Shi Nyame shekara 12 ce a kansa, daidai da ta yaronmu, a kan kuɗin jama'a sama da naira biliyan ɗaya, ya kuma fito bayan ya yi huɗu. Yaronmu ma a lokacin huɗu ya yi da 'yan watanni. Ba muna cewa laifin wani yana wanke na wani ba ne, don kuwa idon Baba maigadi ba abin wasa ba ne. Sai dai mutum ba ya iya hana zuciyarsa yin lissafi. A ɗaya gefen kuma, a ƙarshen 2023 an saki mutum 4,068 a faɗin ƙasar nan da aka biya masu tara ta naira miliyan 585, wato mutanen da talauci kaɗai ya riƙe su a ciki. Raba kuɗin da kanka, ya mai karatu, ka ga abin da ake zama gidan yari a kansa.

Washegari bayan an sha ruwa muka tafi wurin Baba maigadi. Ya bar aiki tun bayan abin, yana zaune a ƙofar gida yana sayar da goro da ashana a faifai. Mun daɗe muna kewaye-kewaye kafin mu fito da maganar, shi kuwa ya bar mu muka gama kewayenmu.

Muka ce, "Baba, an nemi mu rubuta wa yaron nan takarda."

Ya juyo da lafiyayyen idon ya dube mu. Ya ce, "Rubuta mana, Malam. Ai ɗalibinka ne."

Muka ce, "Za su so su ji ko ka yafe."

Ya yi shiru har muka zaci bai ji ba. Can ya ce, "Malam, ko an sake shi ko an riƙe shi idona ba zai dawo ba. Ba ni da riba a zamansa. Amma kada ka rubuta na yafe, don ban ce ba. Shekara huɗu ke nan, daga shi har danginsa ba wanda ya zo ya ce mini sannu, sai yau da ake son takarda. In yafiya yake so, ai yana da baki."

Ba mu da ta cewa. Tun muna yara a makarantar allo aka karantar da mu cewa haƙƙin ɗan'adam mai shi ne kaɗai ke yafe shi, ba sarki ba, ba alƙali ba. Gwamna yana iya yafe shekarun da jiha take bin yaron, amma ido ba na jiha ba ne. To ga mai haƙƙi ya ce a zo da baki, ga mai baki a kulle bayan ƙofa uku. Daren nan sau huɗu muna yaga takarda. Ta biyar muka rubuta abin da muka sani kawai: cewa mun koyar da shi, cewa yaro ne mai fahimta wanda maraici da sakacin manya, har da namu, suka taimaka wajen lalacewarsa, cewa in an sake shi za mu tsaya masa. Muka ƙara layi ɗaya a ƙasa, cewa wanda aka raunata yana raye, mun gan shi, bai ce ya yafe ba, bai kuma ce a ci gaba da riƙe yaron ba. Uwargida ta karanta ta ce wannan layin zai iya kashe maganar. Muka ce mun sani.

Ranar da aka sa, ƙarfe bakwai da rabi muna ƙofar gidan yari mu da tsohuwar. Kalmar nan ta gidan yari tana da tarihi, don Yari sarauta ce ta mai kula da ɗaurarru a zamanin En'e, kafin gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen a 1968. Yanzu an shafe tsohon suna a jikin allo an rubuta na gyaran hali, amma katangar tana nan yadda take, jama'a kuma ba su fasa kiran wurin da sunan da suka gada ba. A gefen ƙofa akwai allon dokokin baƙi da Turanci, fentin ya koɗe, ga shi mafi yawan masu layi mata ne da ba su karanta Turanci. Saboda haka wani gandiroba mai furfura ya tsaya a kan dakali yana faɗa da baki, da muryar wanda ya maimaita abu sau dubu. Kowa ya fito da katin shaida. Waya a ajiye a karɓi lamba. Ba a shiga da kwalba, ko gwangwani, ko cokalin ƙarfe, ko reza, ko allura, ko magani sai an kai wa ma'aikacin asibiti ya gani. Kuɗi ba a miƙa wa ɗaurarre a hannu, a kai ofis a rubuta. Sannan ya ƙara na ranar: mutum biyu kacal ga kowane ɗaurarre, a zauna inda aka nuna, ba a magana sai an tambaya, ba a miƙa wa 'yan kwamiti takarda sai ta hannun jami'in walwala, ba kuka da ƙarfi, ba guɗa, ba durƙusawa a gaban teburi a kama ƙafar kowa. Da ya zo kan wannan ta ƙarshe sai ya sassauta murya ya ce, "Iyaye mata, da ku nake. Wadda ta yi, ita ta ɓata wa ɗanta."

Gaskiya mun tafi da shirin jin haushin waɗannan dokoki, kamar yadda ɗan boko kan ji haushin duk wanda ya ce masa cire takalmi. Amma malamin da ya taɓa tsaron jarrabawa ya san cewa kowace doka a irin wannan allo akwai labari a bayanta. Wani ne ya taɓa cusa reza a cikin burodi, wani ya taɓa ɗinke ƙwaya a bakin zane, shi ya sa yau ake yanka burodin kowa ana lalube zanen kowa. Laifin wani ya shafi wani, amma ina dabara?

Cikas na farko a teburin rajista muka same shi. Akwai gurbin sunan baƙo, da na wanda aka zo gani, da na dangantaka. Matashin da ke rubutu ya ce, "Mama, wa kika zo gani?" Ta ce, "Yaron nan." Ya ce, "Wane yaro? Sunansa." Ta sunkuyar da kai, layi ya fara gunaguni a baya. Muka matso muka faɗi sunan a madadinta. Ya rubuta, ya rubuta uwa a gabanta, ya dube mu. Muka ce malaminsa. Ya ɗan tsaya, sa'an nan ya rubuta.

Na biyu ya fi wuya. Ta zo masa da dambu a kula da ƙosai a leda don buɗa-baki, doka kuwa ita ce duk wanda ya kawo abinci sai ya ci a gaban ma'aikaci, ya haɗiye, don a tabbatar ba a sa wani abu ba. Ga shi tana azumi, muna azumi, ƙarfe tara na safe. Muka ce a bari mu taɓa da harshe mu tofar, ma'aikaciyar ta ce ita haɗiyewa aka ce mata. Tsohuwar ta tsaya riƙe da kula, mun ga alamar tana shirin karya azuminta ta rama daga baya. Sai wata mata Kirista da ke bayanmu, wadda ita ma ɗanta ta zo gani, ta ce da Hausarta ta 'yan kudancin Kaduna, "Mama, kawo in ci maki." Ma'aikaciyar ta dubi na gaba da ita, shi kuma ya ɗauke kai kamar bai gani ba. Matar ta ci dambu loma biyu, ta gutsuri ƙosai, ta ce gishiri ya ji. Aka buga mana tambari a bayan hannu, aka ce kada mu bari gumi ya goge shi, don da shi za a gane mu baƙi ne a lokacin fita.

A ciki an kafa rumfa a filin da ke gaban ofis. 'Yan kwamiti suna teburi mai shimfiɗa, akwai lauyoyi daga ma'aikatar shari'a, da likita, da malamin addinin Musulunci da na Kirista, da wani dattijo da ke shugabanta. Mu baƙi aka jera mu a benci can baya, igiya tsakaninmu da su. Ɗaurarrun suna tsugune a layi cikin rana. Sai da tsohuwar ta ƙanƙame gefen mayafinta muka gane ta hango shi. Ya rame, ya yi baƙi, gashin baki ya fito masa, amma tsayuwar wuyan nan tasa tana nan.

Ana kiran suna, mutum ya miƙe, jami'i ya karanta laifi da hukunci da abin da ya rage, likita ya ce wani abu ko ya yi shiru, a yi tambaya ɗaya ko biyu, a ce koma. Mun duba agogo, wani minti uku, wani bai kai ba. Akwai tsoho da ba ya iya miƙewa sai an riƙe shi. Akwai wanda tarar da ta riƙe shi ba ta kai kuɗin buhun masara ba, nan take ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya ce a rubuta shi zai biya. Daga inda muke rabin maganar kawai muke ji, sauran iska ta kwashe.

Da aka zo kan yaronmu, dattijon ya daɗe yana duba fayil. Muka ga ya zaro takardarmu, mun gane ta da ninkinta. Ya ɗago ya ce, "Malamin da ya rubuta wannan yana nan?" Muka miƙe a bayan igiya muka ce, "Ranka ya daɗe, ga mu." Ya ce, "Ka ce mutumin bai yafe ba." Muka ce, "Bai ce ya yafe ba, ranka ya daɗe." Ya ce, "Yana ina?" Muka ce yana gida. Ya ce, "Me ya sa bai zo ba?" Muna shirin cewa ba wanda ya gayyace shi, kuma mutum biyu aka ce, sai muka tuna ba a magana sai abin da aka tambaya, muka kuma rasa ko wannan amsa ce ko ƙorafi. Kafin mu yanke shawara ya riga ya juya ga yaron ya ce, "Kai, ka nemi gafararsa?" Yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, ban samu hanya ba." Dattijon ya yi rubutu, aka kira na gaba. Tsohuwar ba ta dube mu ba har muka fita, a kan hanya ma ba ta ce uffan ba sai da za ta sauka ta ce, "An gode, Malam." Da zagi ta yi mana da ya fi sauƙi.

Daga baya mun bincika yadda wasu ƙasashe suke yi, don mu san ko haka abin yake ko'ina. A jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda aka cuta ko danginsa suna da haƙƙin a sanar da su ranar zaman sakin talala, su halarta, su kuma yi magana. Sirhan Sirhan, wanda ya harbe Robert Kennedy a 1968, da aka zauna kan maganarsa a watan Agustan 2021, ɗaya daga cikin 'ya'yan mamacin ya halarci zaman ya goyi bayan a sake shi, mafi yawan 'yan'uwansa kuma suka fito suka ce ba su yarda ba. Hukumar ta ba da shawarar saki, gwamnan jihar ya ƙi a watan Janairun 2022. A Ingila kuwa a rufe ake irin wannan zama har zuwa 2022 da aka sauya ƙa'ida, aka yi na farko a bainar jama'a a watan Disamba na shekarar, masu kallo suna wani ɗaki dabam suna gani ta majigi. Su ma suna da nasu dokokin baƙi masu tsauri, ba ɗaukar hoto, ba naɗar murya. Ba mu ce nasu ya fi namu a komai ba, don mun ga dattijon nan namu ya yi tambayar da ta dace ba tare da wata doka ta tilasta shi ba. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, mu da muka gaji maganar diyya da yafiyar mai haƙƙi tun kaka da kakanni, mu ne ba mu ajiye wa mai haƙƙi ko da gefen benci ba.

A nan bari mu ɗan yi wa 'yan'uwa marubuta tsegumi. Littattafanmu cike suke da gidan yari. A babi na tara a ɗaure jarumi bisa sharri, a babi na goma sha biyu gaskiya ta yi halinta ya fito ya auri masoyiyarsa. Ba mu taɓa cin karo da wanda ya tsaya ya rubuta layin ƙofa ba, da kular dambu, da tambarin bayan hannu, da uwar da ba ta iya faɗin sunan ɗanta. Kuma jaruminmu kullum marar laifi ne. Mai laifin da ke da murya mai daɗi a karatun zube, wannan har yanzu yana jiran mai rubuta shi.

Ana jajibirin Sallah aka faɗi a rediyo cewa gwamna ya yi wa wasu afuwa. Adadi aka faɗa, ba sunaye ba. Sai da aka kwana uku jami'in walwala ya shaida mana sunan yaron bai fito ba, an rubuta a sake dubawa a zama na gaba. Ko layinmu ne ya jawo, ko dama nauyin laifin ne, ba wanda ya gaya mana. Lauyan nan ya ce mu kwantar da hankali, ai shekarar gidan yari wata takwas ce ga mai ladabi, tunda ana rage kashi ɗaya cikin uku, ko ba afuwa zai fito wajen ƙarshen 2027. Shi lissafi yake yi, ba shi ne zai kai wa tsohuwar labari ba.

Bayan Sallah da mako biyu muka biya wurin Baba sayen goro. Muka ba shi labarin duk yadda aka yi, har tambayar dattijon da amsar yaron. Bai ce komai ba, ya ƙulle mana goro a ganye. Har mun tayar da babur ya kira mu.

"Malam, wace rana ake barin mutane su shiga?"

Muka gaya masa.

"Ni ma sai na kai abinci?"

Muka ce ba dole ba ne, katin shaida kawai za a nema. Ya ce yana da na zaɓe.

Ranar Asabar muka goya shi. Gandiroba mai furfura yana kan dakalinsa yana karanto dokoki, Baba ya saurara tun daga farko har ƙarshe, ya ce ai shi ma haka yake yi wa masu zuwa makaranta bayan an tashi. A teburin rajista matashin nan ya tambayi sunan wanda aka zo gani, Baba ya faɗa ba gargada. Da aka zo gurbin dangantaka sai ya juyo ya dube mu, mu ma muka dube shi. Ya ce wa matashin, "Rubuta maigadin makarantarsu."

Minti goma sha biyar aka ba su, waya a tsakani, mu muna can gefe inda ba ma jin abin da ake faɗa. Mun dai ga yaron ya durƙusa, ma'aikaci ya ce ya miƙe, ya miƙe. Mun ga Baba yana magana da yawa yana nuni da yatsa, ba kamar mai lallashi ba. Da muka fito bai gaya mana abin da suka ce ba, ba mu kuma tambaya ba. A hanya ya sa muka tsaya ya sayi sabulun wanki sanda biyu, ya ce in za mu koma mu kai, ya ga rigar yaron ta yi dauɗa. Muka ce ko mu ƙara wani layi a takarda ta gaba? Ya ce tukuna, akwai sauran magana, sai ya sake komawa.